Akushin Habsatu

A ƙauyensu Habsatu, can karkarar Guci, maza ba sa cin tuwon dare a cikin gida. Da an sallame magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa zuwa gindin dogonyaron da ke ƙofar gidan Malam Tijjani liman, a jera su a kan tabarma. Sai a jawo na farko a buɗe, kowa ya sa hannu, in an gama a jawo na biye, har a zagaye su duka. Ciyayya ke nan. Wanda aka tuƙa da yawa a gidansa da wanda aka tuƙa ɗan kaɗan tare suke tashi, ba a tambayar wa ya ci na wa.

Habsatu ba ta taɓa zama a kan wannan tabarma ba, mace ba ta zama, amma fiye da shekara talatin ke nan tuwonta na zuwa can kowane maraice. Daga wani ƙauye na wajen Kwaya aka kawo ta gidan Maharazu, siririya mai yawan sunkuyar da kai. Ranar da ta fara girki, surukarta, wadda duk gari ke kira Gwaggo, ta jawo wani baƙin akushi daga ƙarƙashin gado, ta shafe shi da man gyaɗa, ta ajiye mata. Ta ce na mahaifin Maharazu ne, a cikinsa tuwon gidan nan yake fita, kuma maza ba za su taɓa gaya mata da baki yadda girkinta ya yi ba, sai dai ta duba akushin in ya dawo. A ranar ya dawo da rabin tuwo a ciki. Habsatu ta shige ɗaki ta yi ta kuka. Gwaggo ta lakaci miyar ta kai baki, ta ce kanwa ce ta yi yawa, ta ci gaba da kaɗinta.

Daga nan Habsatu ta koya. Ta koyi yin daddawar batso da hannunta, ta san lokacin da kuka ke son a sauke ta, ta san yadda ake kwantar da tuwon hatsi ya yi santsi ba gudaji. Ta kuma koyi wani abu da ba wanda ya koya mata. In akushi ya dawo, takan karkata shi wajen hasken murhu ta duba sawun yatsun da ke jikin baƙin itacen. Labbo, mai shanun da ke zaune a bakin gari, da gefen hannu yake yasa kamar mai sharar masussuka. Liman da yatsu uku yake ci, daga gefe ɗaya, tsaf. Manzo, ƙanen mijinta, rami yake haƙawa a tsakiya yana neman inda mai ya kwanta. Shi kuwa Maharazu ba ya cin na gidansa sosai, don kunya, kuma sawunsa gajere ne, na yatsu biyu, domin na tsakiyar ya sandare tun wani sara da gatari ya yi masa yana saurayi. Da wannan take sanin wa ya zo, wa ya yi tafiya, wa ba ya jin daɗin jikinsa.

Ta haifi biyar, Muhsina ce kaɗai ta tsaya, ita ma aure ya kai ta Magarya. Gwaggo ta rasu. Gida ya rage su biyu, da rani kuma ita kaɗai, domin da an gama ɗaure hatsi Maharazu yake tafiya Kano cirani. Da ƙarfinsa ga-ruwa ya yi, da girma ya zo ya koma gadin wani kango. Sai hadari ya fara haɗuwa yake dawowa.

A ciyayya kowa da gurbinsa. Na Maharazu yana hannun daman liman, inda mahaifinsa ya zauna. Wanda ya yi tafiya, muddin kwanon gidansa na fitowa, ana bar masa gurbinsa fili har ya dawo. In kwano ya daina fitowa, ba mai cewa komai, sai dai tabarma ta riƙa matsewa, yau wannan ya gusa kaɗan, gobe wancan, ranar da mutum ya dawo ya tarar da wurinsa a bakin tabarma inda ake tuɓe takalma. Habsatu ta ga an yi wa wasu haka. Shi ya sa ko shekarar da hatsi ya ƙi, har tuwon ya zama ganyen tafasa ya fi gari yawa, akushinta bai taɓa fashin fita ba. In Maharazu ba ya nan, Manzo ne ke shigowa ya ɗauka.

Da surutu yake shigowa, tun daga zaure.

“Matata, an sauke ko in je in ƙara aure?”

“Je ka ƙara mana, wa ya riƙe ka? Ka dai samo wadda ba ta gani sosai.”

Ya yi dariya, ya ɗaga faifai ya shaƙa, ta buge masa hannu da muciya. Sau da yawa wannan ce kaɗai maganar da take yi da wani mahaluki daga la'asar har wayewar gari.

Labarin cutar a rediyon liman ya fara shigowa, ana tsakiyar zafi. Habsatu ta bayan danga take jin maza suna tattauna shi, domin gidansu ba shi da nisa da dogonyaron. Da fari dariya ake yi. Manzo ya ce cutar masu hawa jirgi ce, shi ko amalanken jaki aro yake yi. Labbo ya ce in ta isa ta zo Guci da azahar, rana za ta soya ta kafin ta sami wanda za ta kama. Sai aka ce ta shigo Yamai. Aka ce ta iso Damagaram. Aka rufe lakwal, yara suka bar zuwa boko, aka ce a bar musafaha, a bar taro. Korona, in ji rediyo. Ba wanda ya taɓa ganin mai ita da idonsa, don haka kowa da irin tasa. Wani ya ce a iska take tafiya, wani ya ce a tufafi take maƙalewa, wani ya ce ƙarya ce kawai ta manya. Wanda ya ce ƙarya ce da safe, da yamma sai ka gan shi ya ja rawani ya rufe hanci.

Dariyar ta tsaya ne ranar da aka fara cewa ana mutuwa a Kano. Tsofaffi, aka ce, kuma ba a san me ke ɗaukarsu ba. Babu gidan da ba shi da wani a Kano. Habsatu ta yi ta kiran salular Maharazu, a kashe. Muhsina ta kira ta daga Magarya tana kuka, ita ce ma ta koma tana ba 'yar haƙuri.

Ana saura kwanaki kaɗan a fara azumi Maharazu ya dawo, da la'asar, a bayan babur ɗin wani ɗan kabu-kabu da ya biyo da shi ta hanyar daji saboda iyaka a rufe take. Ya sauka fari fat da ƙura, yana tari. Sauran shekaru, kafin ya sauke jaka an kewaye shi ana karɓar kaya. Ran nan mutane daga bakin ƙofofinsu suka yi masa sannu. Liman ya fito, ya tsaya nesa, ya dafa ƙirji.

Washegari majo, babban ma'aikacin lafiya, ya zo a kan babur, fuskarsa a rufe da ƙyalle. Ya auna zafin jikin Maharazu, ya yi masa tambayoyi, ya ce babu zazzaɓi, mai yiwuwa ƙurar hanya ce, amma shi ma ba zai rantse ba. Ya ce ya keɓe kansa mako biyu a gani. Maharazu ba mutum ne mai musu ba. Ya naɗe tabarma, ya ɗauki buta da carbi, ya nufi bukkar gonarsu da ke gindin gawo, bayan gari. Majo ya juyo kan Habsatu ya ce ta ware masa kwanonsa, kada ta taɓa shi, kada ta matsa kusa, ta riƙa wanke hannu da sabuni.

Haka ta yi, ba ta rage ko ɗaya ba. Azumi ya kama. Takan gama girki da wuri, ta ɗauki kunu da tuwo ta bi ta cikin gonakin da aka share ana jiran ruwa. Akwai wata sabara kafin a kai bukkar, a nan yake ajiye kwanukansa ya koma. Ta juye masa daga sama ba tare da kwano ya taɓa kwano ba, ta ja da baya, sa'an nan ya taho.

“Ya tarin, Malam?”

“Da sauƙi. Akushi na fita?”

“Yana fita.”

Kullum tambayarsa ke nan. Bai tambayi awaki ba, bai tambayi irin shuka ba.

Akushi na fita, amma Manzo ya daina shigowa. Daga bakin zaure yake sallama, ya ce ta ajiye nan ƙasa zai ɗauka. Ta leƙa ta ga da hannun riga yake tallabe shi. Bai jima ba ya dawo da shi, ya ajiye, ya ce a gaishe ta da aiki, ya juya. Ta ɗauka ta ji ba nauyi, ta ji daɗi. Da ta karkata shi wajen wuta sai ta ga cikinsa sumul. Babu yasar Labbo, babu ramin Manzo, babu yatsun liman. Tuwon ya fita gaba ɗaya, irin fitar da yake yi in an kife kwano, sai wani zane ɗaya a gindi kamar na karan hatsi.

Ta ce wa ranta wataƙila juyewa suka yi a wani kwano. Washegari ma haka ya dawo, da ranar da ta biyo.

A rijiya mata suka fara girmama ta da wani irin girma da ba ta saba ba. Da ta iso sai a dare a ce, “Ja naki, Habsi, mu ma jira.” In ta ɗauki tulu ta juya sai ta ji ana ɗauraye guga da igiya. Karima matar Manzo, wadda shekara da shekaru ta saman danga take miƙo kasko a zuba mata garwashi, ta koma kunna wutarta da ashana. Ba wadda ta faɗa mata magana maras daɗi. Habsatu ta yi ta wanke hannu, da sabuni, da toka, har bayan hannunta ya tsattsage.

Sai ta yi wani tunani irin na wadda ta shekara talatin tana ciyar da mutanen nan. Ta ce tsoro tsoro ne, amma ta san hancin Labbo, ta san kuma cikin mai azumi. Tana da soyayyen naman layya da ta adana cikin mai a wata 'yar tukunya tun babbar Salla, tana taɓa shi kaɗan-kaɗan in Muhsina ta zo. Ran nan ta juye shi duka a miya. Ta sa man shanu, ta sa daddawa sabuwar daka, har ƙamshin ya tsallake danga. Ta kai wa Maharazu nasa, ta dawo ta shaƙe akushi, ta jera tsokokin a sama yadda duk wanda ya ɗaga faifai zai gan su.

Ya dawo sumul.

Da safe ta fita neman kara ta bayan garken Manzo, sai ta ga kare yana tono. Ta kore shi ta duba. Rami ne sabon rufi. Ga tuwonta a ciki, da siffar akushin a jikinsa, ga tsokokin sun sha rairayi. A gefe akwai wasu ramukan da suka bushe. Ta daɗe a tsaye, sa'an nan ta mayar da ƙasar da ƙafa ta rufe, ta koma gida ba karan.

Da maraice da Manzo ya yi sallama, ita da kanta ta fito zaure da akushin a hannu.

“Ajiye nan, matata, ana jirana.”

“Karen bayan garkenka ya gode. Ya ce a gaya maka gishiri ya yi daidai.”

Manzo ya dubi ƙasa, ya dubi hanya.

“Wallahi Yaya Habsi ba ni kaɗai ba ne. Shawara aka yi.”

Rabon da ya kira ta Yaya tun ranar da aka binne Gwaggo.

“Aka ce in an ce ki daina kawowa za ki ji ciwo. Aka ce a riƙa karɓa ana dawo miki da shi ba komai, har abin nan ya wuce.”

“Wa ya ce muku cutar tana bin tuwo?”

“Ba wanda ya ce. Ba kuma wanda ya ce ba ta bi. Labbo ya ce itace na shan abu, in ya sha ba ya saki.”

“Ku fa? Hannu nawa ke shiga kwano ɗaya a wurin nan?”

“Mu ai ba mu je Kano ba.”

“Ni na je?”

“Kina zuwa gona.”

Shi ma ya ga maganar ta yi nauyi, sai ya nemi sassauta ta.

“Jiya da na ɗaga faifai Labbo sai da ya tashi ya zagaya bayan masallaci. Ya ce in rufe, in ba haka ba zai ci ya mutu, a rubuta ke kika kashe shi.”

Ba ta yi dariya ba.

“Gurbin yayanka fa?”

“Husaini tela ne ke ɗan zama. Ya ce ƙafarsa na ciwo, yana son jingina da itace. Na ɗan lokaci ne.”

Habsatu ta san ɗan lokacin tabarma. Ta kuma san alhakin binne hatsi a watan azumi, a shekarar da ba wanda ya san me damina za ta kawo. In ta daina kaiwa, ta sallama gurbin da hannunta. In ta ci gaba, tana tuƙa wa ƙasa.

“To ji nan,” ta ce. “Za ka kai shi ka ajiye a layi tare da sauran, ko ba a buɗe ba. Kowa ya gan shi. In an tashi ka zuba wa awakina, kada ka ƙara binne mini hatsi.”

“A kan tabarma ba za su yarda ba. Sai dai a gefe, kan rairayi.”

“A gefen.”

Ta rage yawan tuwon, amma akushi ya ci gaba da fita. In ta je gona Maharazu ya tambaya, ta ce yana fita, ta juya da sauri kamar mai tsoron magariba ta riske ta a hanya. Ta dawo ta sha ruwa ita kaɗai a tsakar gida, tana jin ƙarar kwanukan wasu ana jawowa ana turawa, tana jin awakinta suna jiran rabonsu.

Mako biyu suka cika. Majo ya dawo, ya auna, ya saurari ƙirjin Maharazu, ya ce ya koma gidansa. Tarin ma ya riga ya tafi. A ranar Maharazu ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a, da aka sha ruwa aka yi salla ya sunkuya ya ɗauki akushin da hannu biyu. Habsatu ta bi shi da ido, ba ta gaya masa abin da ake ciki ba. Ya fita.

Ta ji an yi masa sannu da zuwa, murya da yawa, da fara'a. Daga nan shiru ya biyo baya, irin wanda ba a saba ji a wurin ba. Ya daɗe bai dawo ba. Da ya shigo ya ajiye akushin a gabanta ya ce, “Sun ce a gaishe ki.” Ya sha ruwa, ya kwanta rigingine a kan tabarma yana numfashi da ƙyar.

Ta karkata akushin wajen wuta. An cinye tas, kuma sawun yatsu ya kewaye shi ta kowane gefe, kamar mutane da yawa ne suka zauna masa. Har da rami a tsakiya. Amma duk sawun gajere ne, na yatsu biyu. Juya akushin ya riƙa yi yana ci ta nan, yana ci ta can, shi kaɗai, rabon mutum biyar.

Washegari ta ƙara ragewa, ya dawo da shi haka nan. A rana ta uku, da ya sunkuya zai ɗauka, ta ɗora hannu a kan faifan.

“Malam, ajiye.”

“Ana jira.”

“Ba a jira. Cikin naka kuma ba rumbu ba ne.”

Ya daɗe a sunkuye, sa'an nan ya zauna a kan turmin da ke kife.

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun kana gona.”

Ya ce ba su wulaƙanta shi ba. Liman ya sa aka shimfiɗa masa buzun salla, ɗan nesa da tabarma, aka ce don lafiyarsa ne, jikinsa bai gama ƙwari ba. Kowa na yi masa magana daga can. Husaini dai bai ɗago kai ba.

Habsatu ta dubi akushin, ta dubi mijinta. Ta jawo buta ta ajiye tsakaninsu.

“To wanke hannu mu ci.”

Maharazu ya waiga wajen zaure kamar wanda aka ce ya yi sata. Tun da aka kawo ta gidan nan ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba, bai ma taɓa ganin ta tana tauna ba. Ita ma da ta faɗa sai kunya ta kama ta. Ta zauna a karkace, ta ja mayafi ta kare bakinta, tana ɗiban loma ƙanana kamar baƙuwa. Haka suka yi ta ci har suka kusa rabi. Sai ta ga yana ta shan ruwa, idonsa ya yi ja.

“Barkono ya yi yawa ne?”

“Kullum haka yake.”

“Ba ka so?”

“Ban taɓa so ba.”

“Shekara talatin, Malam, ba ka faɗa ba?”

“Na ga Labbo na yabawa.”

Dariya ta kuɓuce mata, har mayafin ya zame, ba ta mayar ba.

Sauran kwanakin azumin a tsakar gida suka ci su. Ta rage barkono. Ta lura yana tura mata wajen da miya ta fi yawa da bayan yatsa, ba tare da ya dube ta ba. A hankali ya fara magana. Ya ba ta labarin Kano da ba mota a titi, da yadda mai kangon ya daina zuwa, da makarar da yake gani tana wucewa ta gaban kangon safe da yamma da mutane ƙalilan a bayanta, ba wanda zai gaya maka me ya kashe mai ita. Ya ce a bukka abin da ya fi damunsa ba mutuwar ba ce, tunanin wa zai yarda ya yi masa wanka ne. Ita kuma ta ba shi labarin rijiya da na garwashin Karima. Wata rana, ba ta san yadda aka yi ba, suka tsinci kansu suna maganar yaran da suka binne, suna kiran sunayensu, abin da ba su taɓa yi ba. Habsatu ta ga tun azahar take fara duban inuwa, tana jiran maraice.

Duk da haka ba ta bar roƙo ba. A kowace sujada tana roƙon Allah ya mayar da Malam gurbinsa, domin tana ganin yadda yake kasa kunne in an yi dariya a gindin dogonyaro, loma a hannu, ya manta bai kai baki ba.

Aka yi Salla, ba a yi yawon gaisuwa sosai ba. Bayanta ruwan farko ya sauka, gari duka ya fita shuka. Rediyo bai daina maganar cutar ba, kuma har lokacin ba wanda zai ce ga inda ta tsaya, amma a ƙauyen ba a ga wanda ta kayar ba, mutane kuma sun gaji da tsoro. A gona aka ga maza suna miƙa wa juna ludayin fura.

Wani maraice, Maharazu ya riga ya wanke hannu, Habsatu ta ɗaga faifai ke nan, sai ga muryar Manzo tun daga zaure, ya kuma shigo har tsakar gida.

“Matata, liman ya ce a tambayi akushi ko yaji ya yi. Labbo ya rame, wuyansa kamar na zalɓe.”

Ya ga yadda suke zaune, akushi a tsakiya. Ya kau da kai ya yi kamar awaki yake kallo.

“Husaini fa?” in ji Habsatu.

“Ƙafarsa ta warke. Ya koma wajen takalma.”

Ba a ba da haƙuri ba, ba a kuma nema ba. Maharazu ya dube ta kawai, hannunsa na ɗigar ruwa. Habsatu ta mayar da faifan ta rufe, ta goge gefen akushin da bakin zane, ta ɗaga ta miƙa masa.

“Ku yi sauri kada ya huce.”

Suka fita, Manzo na gaba yana surutu. Ba a jima ba ta ji an ɗauki hayaniya a gindin dogonyaro, ta ji muryar Labbo ta fi ta kowa. Abin da ta tuƙa na mutum biyu ne, kuma duk ya tafi. Ta jawo tukunya ta kankare ƙanzo, ta zuba masa sauran miyar da ta kwanta a gindi, ta zauna a bakin murhu ta ci.

Har yau akushin na fita, Maharazu na hannun daman liman. Ba su sake cin abinci tare ba, kuma ba wanda ya ƙara tayar da maganar a cikinsu. Sai dai wani maraicen, in ya ɗauki akushin, yakan tsaya a bakin zaure kaɗan kamar ya manta wani abu. Habsatu takan ci gaba da kwashe wuta ba ta ɗago ba, har ta ji takunsa ya yi waje.